Motocin Yaya a Ƙarƙashin Gado

Talata, da yamma

An sallamo Yaya daga asibiti yau, bayan aikin ido. Ya shigo gida kai a sunkuye kamar mai neman allurar da ta faɗi, matarsa Anti tana riƙe da hannunsa, ni ina biye da ledar magunguna. Likita ya ce haka zai zauna, fuska a ƙasa, ko a zaune ko a kwance ko wajen cin abinci, har sai an ce ya ɗaga. Wai sun hura masa wata iska a cikin idon, ita za ta danne wurin da suka gyara, kuma tunda iska sama take tashi, dole bayan idon ya zama shi ne sama. Na ce na gane. Ban gane ba.

Idon dama ne. Na hagun tun muna yara ba abin da yake yi masa sai rakiya. Sauran abin da likita ya faɗa mana a bakin ƙofa, bayan ya rage murya, ba zan rubuta shi a nan ba.

Kafinta ya haɗa masa ɗan benci mai rami a tsakiya, aka naɗe bakin ramin da tawul, aka jingina shi da ƙarshen gado. Yana kwanciya rub da ciki, fuskarsa a cikin ramin, yana fuskantar tayil. Ya ce a kai gadon ɗakin motoci. Anti ta ce ɗakin ba ya shan iska. Ya ce can yake so. Aka kai.

Laraba, da hantsi

Na soke darasin safe na zo zaman jinya. Ni dai mai koyar da tuƙi ce, wuni nake a mota ta gaske, mai zafi, mai warin fetur, ina yi wa mutane ihun su taka birki. Shi kuwa yayana bai taɓa riƙe sitiyari ba. Ko da tabaraunsa mai kaurin gindin kwalba, abin da ya wuce tsallaken titi hayaƙi-hayaƙi yake ganinsa. Amma ga shi da motoci cike da bango uku, a cikin kabad na gilashi. Na ƙarfen zubi ne, kowace kwafin wata motar zamani da ke kan titi, babbar cikinsu ba ta wuce tsawon takalmina ba.

Yadda yake yi shi ne ya cire tabarau, ya kawo motar har ta kusa taɓa hancinsa, ya yi ta kallo. A nan kusa ba wanda ya kai shi gani. Sai ya kunna waya ya yi bidiyo, ya faɗi inda maƙera suka yi daidai da inda suka yi ha'inci, mutane kuma su yi ta kallo suna yi masa tambayoyi. Na sha tsokanarsa, namiji da gemu yana wasa da motar yara. Ba ya ma tanka mini.

Yau ɗakin shiru. Motoci suna kallonsa, shi yana kallon ƙasa.

Alhamis, da rana

Bai ɗaga kai ba. Da tsinken roba yake shan ruwa.

Asabar, bayan la'asar

An cire bandeji. Ya ce kamar ya buɗe ido a cikin bokitin ruwan wanki. Can sai na sake jin muryarsa daga cikin ramin.

"Direba, buɗe kabad na tsakiya. Layi na biyu, akwai wata mai ruwan toka, ta lantarki. Na yi wa mutane alkawarin bayani a kanta."

Na ce, "Yaya, kana cikin wannan hali?"

"Wane hali? Bakina aka yi wa aiki?"

Na kai hannu, sai ya daka mini tsawa kamar yana ganina. Wai in sa safar hannu, gumin yatsa yana cin fenti. Wai kada in kama ta ta madubi, in tallafo ta ta ƙasa da hannu biyu. Na ɗauko, sai nauyinta ya ba ni mamaki. Na zaci abin wasa ne mai iska a ciki, ashe tana da nauyi kamar ƙaramin turmi, ga sanyi yana ratsa safar.

Ya sa na kwanta a ƙasa, gefen bencin, motar a ƙarƙashin fuskarsa, ya ba ni gilashin ƙara girma. Ya ce in faɗa masa abin da na gani. Na ce tana da kyau.

"Kyau ba bayani ba ne. In ɗalibarki ta ce miki titi yana da kyau, lasisi za ki ba ta? Fara daga taya."

Na fara daga taya. Wallahi sai da na ɗauke numfashi. Akwai bawul. Bawul ɗin da ake ba taya iska, siririnsa bai kai gashin gira ba, har da ɗan murfinsa. Akwai rubutu a jikin robar, kuma ana karanta shi. Da na juya tayar da yatsa, faifan birki ya juya tare da ita, abin da ke matse shi kuma ya tsaya cak a wurinsa, daidai yadda yake a motata. Na yi shekaru ina tsugunawa gaban taya ina nuna wa ɗalibai wannan abin, yau ga shi a kan farcena.

Na ce, "Ikon Allah."

Ya ce, "Yanzu kika fara."

Lahadi, da safe

Anti tana kicin, famfo a buɗe, ba kwano ko ɗaya a ƙarƙashinsa. Na tsaya a bakin ƙofa, sai na juya.

Litinin, da yamma

Darasi na biyu. Ana buɗe ƙofar da tsinken sakace, a hankali, daga ƙasan hannun ƙofa. Ana yanko siririyar takarda a zura tsakanin ƙofa da jiki, in ta shige da sauƙi a sama ta maƙale a ƙasa, to ƙofar ba ta zauna daidai ba. Ana karkata fitila a kan fenti a ga ko ya yi gurzo-gurzo kamar ɓawon lemo. Duk wannan daga mutumin da nake cewa ba shi da aikin yi.

Da ƙofar ta buɗe na sa gilashi na leƙa, sai na manta ina kwance a kan tayil. Kujerun suna da ɗinki, zare biyu a jere, ba inda ya karkace. Bel ɗin kujera na ƙyalle ne, saƙarsa a fili. Ƙasan motar an shimfiɗa masa wani abu mai laushi kamar gashin jariri. Feda biyu ce kawai, birki da totur, tunda ta lantarki ba ta da kuloci, kuma sun san da haka, ba su ƙara ta uku don ado ba. A madubin tsakiya na ga wani abu baƙi yana motsi, ashe idona ne.

Na ce, "Yaya, wa ya zauna ya yi wannan?"

Ya ce wasu mutane ne a wata masana'anta mai nisa, galibi mata, da hantsaki da ɗan burushi, ba za su taɓa sanin sunansa ba, shi ma ba zai san nasu ba. Ya ce shi ya sa ba ya yi musu ƙarya a bidiyo. In sun yi daidai a faɗa, in sun yi ganganci a faɗa, don wani ya ga aikin.

Na daɗe ina tunanin matar da ta manna wannan bel ɗin. Ta san za a rufe ƙofa a kansa, ta san mutum ɗari za su saya ba su leƙa ba, amma ta miƙar da shi.

Laraba, da rana

Wuyansa ya kumbura. Ya ce ba komai.

Alhamis, bayan magariba

Na yi ɓarna. Ina goge ƙura da burushi a kan wata jar motar tsere, hannuna ya goce, na ji ƙas. Ƙaramar ƙara ce, ko sauro ya fi ta. Na yi tsuru-tsuru.

Daga cikin rami: "Waifa ce ko madubi?"

Na ce waifa, mai share gilashin gaba.

"Ta direba ko ta fasinja?"

"Ta fasinja."

"To da sauƙi, direba zai ga hanya."

Muka yi ta dariya har Anti ta leƙo ta ce mu yi a hankali kada idon ya girgiza. Nan take dariyar ta mutu. Na rarrafa ina neman waifar a ƙasa, na same ta maƙale da safata, na sa ta a murfin kwalba. Ya ce akwai gam a aljihun tebur, da bakin allura ake ɗiba, shi zai manna da kansa idan ya tashi. Ya ce idan. Na ji shi sarai, na yi kamar ban ji ba.

Asabar, da hantsi

Mun yi bidiyon mai ruwan toka. Wayar a jingine da littafi a ƙasa, hannuwana a cikin safa, muryarsa tana saukowa daga sama. Ni nake raɗa masa abin da na gani, shi yake faɗa da irin salonsa. Na gaya masa murfin wurin caji ba ya rufuwa ruf, ya ce in sake dubawa, na sake, ya ce to a rage musu maki. Bai gaya wa masu kallo komai game da kansa ba. Wani ya rubuta a ƙasa, yau hannun ya canza. Na karanta masa duk sauran, na tsallake wannan.

Lahadi, da asuba

Asibiti. Idon ya yi tauri, yana amai.

Lahadi, da yamma

Mun dawo. An ƙara maganin ɗigawa a ido iri biyu. Likita ya daɗe yana leƙawa da fitilarsa, ni kuma na ƙura wa takalminsa ido don kada in ga fuskarsa.

A hanya Yaya yana kujerar baya, goshi a kan gwiwa, Anti ta dafa bayansa. Ban taɓa tuƙi a hankali irin na yau ba, har masu babur suna yi mini hon. Da muka tsaya na rufe ƙofa, sai ya ce, "Direba, ƙofar bayan nan taki ba ta zauna daidai ba. Da a hannuna take, da ta sha suka." Mutum yana cikin wannan azaba yana yi wa motata bita. Na ce ya bari ya warke ya zo ya gyara. Ina son yayana, ban san na taɓa rubuta wannan a wani wuri ba.

Talata, da rana

Yau ɗalibata, wata ma'aikaciyar banki mai tsoron shataletale, ta same ni tsugune gaban motar koyo ina kallon fitilar gaba. Ta ce lafiya? Na ce ta zo ta gani. A cikin fitilar akwai ƙananan madubai jere-jere kamar saƙar zuma, shekara nawa ina kunna ta ban taɓa leƙawa ba. Ta kalle ni irin kallon da nake yi wa Yaya da.

Laraba, bayan la'asar

Ya gani! Ya gani!

Na ajiye masa wata baƙar jif a ƙarƙashin ramin, na ɗora ta a kan kwali don ta matso, na tafi ɗebo ruwa. Ina dawowa na ji yana karanta lambobi a hankali. Rubutun jikin taya yake karantawa. Ya ce in ya kalli ƙasa sak, ta tsakiyar iskar nan, abin da ke dab da idon yana fitowa tar, har ya fi da. Ya ga zanen da ke jikin sitiyari. Ya ga wani ɗan ɗigon gam da ya tsallake a gefen gilashi, ya ce, "Kin ga ganganci."

Anti ta zube a ƙasa tana hamdala. Ni na rasa abin yi, sai na yi ta kwaso motoci ina jera masa, ya gama da wannan in tura waccan, kamar masu layin shan mai. Bai gaji ba sai da hawaye ya ɗiga a kan murfin injin wata fara, ya ce in yi maza in goge, gishiri ne.

Juma'a, da safe

Har yanzu yana gani. Mun yi bidiyo biyu, da idonsa.

Litinin, da yamma

Ya ce iskar tana raguwa. Yanzu akwai layi a cikin idon, kamar ruwa a kwalba, yana rawa in ya motsa. Likita ya ce haka ake so, jiki ne yake shanye ta. Amma Yaya ya ce wurin da yake ganin motar ta cikinsa yana tsukewa. Jiya yana ɗaukar ƙofa guda, yau sai hannun ƙofar.

Na ce in iskar ta tafi ai komai zai washe. Ya ce haka ne.

Laraba, da rana

Wurin ganin ya koma kamar ƙwayar wake, in ji shi.

Alhamis, da yamma

Bai nemi mota ba yau. Ni na ɗauko ɗaya don kaina, na zauna a bakin taga da gilashi. Wata shuɗiya ce mai buɗaɗɗen sama. A bayan abin tare rana na direba akwai 'yar takardar gargaɗi, da hoton kujerar jariri, a wurin da sai ka kwantar da kai ka leƙa daga ƙasa. Ban gaya masa ba. Na san ya riga ya sani, kuma ban so ya ce in kawo ya gani.

Asabar, da hantsi

Likita ya ce ya ɗaga kai.

Sai da muka taimaka masa, wuyan ya manta hanya. Fuskarsa ta kumbura, shatin tawul a goshi. Likita ya leƙa, ya leƙa, sai ya yi murmushi, karo na farko tun da muka san shi. Ya ce gyaran ya kama. Ya nuna allon haruffa a can jikin bango, Yaya ya karanta layin sama, da na biyu, da na uku, ba tabarau. Anti ta toshe baki da mayafi.

Sannan likita ya yi bayanin da ya ce ya yi mana tun ranar aikin, ni dai ban tuna ba. Wai dole ta sa suka cire wani abu a cikin idon suka sa na roba, kuma na robar an saita shi ne don nesa. Abin da ya gani kwanakin baya aikin iskar ne, ya tafi tare da ita. Za a ba shi tabaraun karatu, zai karanta jarida, zai yi aikin ofis. Yaya ya ce, "Kusa fa? Kusa sosai?" Ya kawo yatsa dab da hancinsa. Likita ya ce da gilashin ƙara girma zai ga wani abu, kamar kowa.

A hanyar gida ya zauna a gaba. Kansa yana ta juyawa. Ya karanta allon wani kanti daga tsallaken titi. Ya ce ashe wayoyin lantarki suna da yawa haka. Ya bi wani tsuntsu da ido har ya ɓace. Na yi ta satar kallonsa har na kusa hawa bayan wata motar haya.

Asabar, bayan la'asar

Muna shiga ya wuce ɗakin motoci. Ya sa safa da kansa, ya buɗe kabad, ya ɗauko ta farko da hannunsa ya kai gare ta, wata koriya. Ya kawo ta dab da hanci yadda ya saba. Ya tsaya. Ya matsar da ita kaɗan, ya dawo da ita, ya karkata ta wajen taga.

Ya miƙo mini ya ce in riƙe, in ja da baya. Na ja. Ya ce in ƙara. Na ƙara, har bayana ya taɓa ƙofa.

"Tsaya nan."

"Ka gan ta?"

"Na gan ta." Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya ya bi bangon nan uku da ido, daga sama har ƙasa, kabad bayan kabad. Bai taɓa ganinsu duka a lokaci guda ba. Ya ce, a hankali, "Ashe ƙanana ne."

Ya nuna kabad ɗin da hannu.

"Haka kuke ganinsu duk shekarun nan? Shi ya sa kike yi mini dariya."

Na ce, "A'a, Yaya. Ni yanzu ba haka nake ganinsu ba."

Ya kalle ni daga can ƙarshen ɗaki, ido cikin ido, abin da bai taɓa iya yi ba tun da aka haife ni. Kuka ya ƙwace mini, ga mota a hannu biyu, ba halin share fuska. Ya jawo kujera ya zauna, ya nuna mini tabarmar da ke gabansa.

Ya ce, "To zo ki shiga cikinta, ki gaya mini abin da ke nan."